Kawu, Na Buɗe Littafin Hawa Biyar

Zuwa ga Kawuna, Malam Isiyaku na Badarawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa uba, a durƙushe, ina roƙon Allah ya sa wannan sallama ta same ka cikin ni'imarsa. Na sani sarai takarda ba ta shiga kabari. Na rubuta ta ne a inda jama'a za su gani, saboda a gaban mutane na yi maka abin da na yi, bai kamata in ɓuya a ɗaki in ba da haƙuri ba.

Wata bakwai ke nan da rasuwarka. Makon jiya na buɗe littafin nan mai shuɗin bango da ka kawo mini ofis. Shekara uku yana hannuna, Kawu. Sai makon jiya.

Kai ne yayan mahaifiyata. Kai ka je Funtuwa ka ɗauko ni ina da shekara tara, bayan rasuwar Baba, ka kawo ni gidanka, kai da Inna Asabe kuka riƙe ni ba ku bambanta ni da waɗanda kuka haifa ba. Sunan mahaifiyarka aka sa mini, shi ya sa ba ka taɓa kiran sunana ba, sai dai ka ce Ummi. A lokacin kana koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati, kullum ka dawo gaban rigarka fari fat da alli.

Ina tuna ranar da na dawo makaranta ina kuka. An ba mu aikin gida an ce mu nemo x, ni kuwa ban ga abin da ya haɗa harafi da lissafi ba. Bayan la'asar ka ɗauko guntun alli ka durƙusa a simintin tsakar gida, Inna tana ta faɗa za mu ɓata mata wurin da ta share. Ka zana fili mai kusurwa huɗu, ka ƙara masa tsiri a gefe biyu, sai ɗan gurbi ya rage a kusurwa. Ka miƙo mini allin ka ce in cike gurbin. Ina cikewa, amsar ta fito da kanta. Na daina kuka ban sani ba.

Ranar ka ce mini: “Ummi, aljabra ba ta Turawa ba ce su kaɗai. Sunan ma Larabci ne, ma'anarsa ɗori, irin wanda ake yi wa karaya. Malamin da ya tsara ta a littafi a Bagadaza bai san x ba. Da zance yake rubuta lissafinsa, abin da ake nema kuma ya kira shi ‘abu’ kawai.”

Kai ne kuma kake lissafa tambayoyin aljabra da hawa, kamar bene. Idan x ita kaɗai ce, hawa ɗaya. Idan an ninka x sau x, hawa biyu ke nan, a yi ta tafiya sama. Hawa biyu yana da ƙa'idarsa da kowane ɗan sakandare yake haddacewa, ka zuba lambobi a ciki amsa ta faɗo. Ranakun Asabar mukan shiga Babbar Kasuwa wajen masu tsofaffin littattafai. Inna ta aike ka cefane, mu dawo da rabin cefanen da wani littafi marar bango, kana ɓoye shi a bayanka kamar yaro.

Daga tsakar gidan nan na tashi, na yi digiri na farko, na yi na biyu, aka ba ni gurbin karatu a waje na yi na uku. A can na tarar da wata aljabra da ba ta yi kama da taka ba. Babu x da ake nema. Wani lokaci mu yi mako guda ban ga lamba ko ɗaya a allo ba. Ana magana ne a kan tarin abubuwa, ko mene ne su, da dokar da take haɗa biyu ta fitar da na uku, sai a bi dokar a ga inda za ta kai. Na so abin ƙwarai. Amma tare da son, wani abu ya shige ni wanda ban lura da shigarsa ba.

Da na dawo Kaduna na fara koyarwa a jami'a, na zo gaishe ka. Ka sa aka shimfiɗa mini darduma kusa da kai, ka tambaye ni da murna me muke nema yanzu a aljabra, ina ta kai. Na ce: “Kawu, mu ai ba ma neman x. Wannan na 'yan sakandare ne.” Ka yi dariya ka ce: “To, mu 'yan sakandare muna gaishe ku.” Ni ma na yi dariya. Inna ce kaɗai ba ta yi ba, ta dube ni ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Bayan ka yi ritaya da wasu shekaru ka zo ofishina. Ka hau keke napep daga Badarawa da hantsi, ka sa farin kaftaninka na Juma'a. Ba ka gaya wa sakatariya ko kai wane ne ba, ka zauna a benci cikin ɗalibai kana jiran layi ya zo kanka. Da na fito na gan ka, kunya ta kama ni, amma ba kunyar da ta dace ba. Kunya na ji kada abokan aikina su ga tsoho da leda a hannu yana jirana.

A cikin ledar littafin yake. Ka ajiye a teburina da hannu biyu, ka ce tun da ka bar aiki kake ɗan wani bincike a kan hawa biyar, akwai wurin da kake so in duba maka. Ka buɗe baki za ka ƙara bayani, na katse ka. Na ce zan duba, ina da aji yanzu. Ba ni da aji, Kawu. Sai ƙarfe biyu nake da aji ranar.

Ina jin ka ce hawa biyar na yanke hukunci. Kusan kowace shekara sai wani ya aiko wa sashenmu takardu yana cewa ya gano ƙa'idar warware hawa biyar, abin da aka tabbatar tun tuni cewa ba zai yiwu ba. Mukan miƙa wa juna muna dariya. Na ɗauka kai ma ka shiga sahunsu, tsufa da zaman gida sun sa ka. Na jefa littafin a aljihun tebur na ƙasa, inda nake ajiye tsofaffin takardun jarrabawa, na rufe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a duk shekarun nan uku ina koyar da tarihin wannan maganar. Ina tsayawa gaban 'yan aji huɗu in ba su labari tiryan-tiryan. In ce musu bayan malaman Bagadaza, wasu mutanen Italiya sun samo ƙa'idar hawa uku da ta hawa huɗu. Daga nan aka tsaya cik. Kusan shekara ɗari uku manyan masana suna neman ta hawa biyar ba su samu ba, har wasu suka daina tambayar ina amsar take, suka koma tambayar me ya sa ba ta samuwa. In ce musu a wannan juyin ne aka haifi aljabrar zamani, lokacin da aka bar kallon lambobi aka koma kallon yadda amsoshin suke musayar wuri da junansu.

Sannan in kawo musu labarin saurayin nan Bafaranshe da ya gano asirin abin, wanda aka harbe yana da shekara ashirin. Kafin ya mutu ya aika wa manyan malaman ƙasarsu takardunsa, wasu suka ɓace a hannunsu, wasu aka mayar masa aka ce ba a gane ba. Idan na zo nan har murya nake ɗagawa. Ina ce wa ɗalibai su dubi girman kai irin na masana, yaro ya kawo musu aiki sun kasa zama su karanta. In gama in koma ofis in zauna a kan teburin da littafinka yake ciki. Wallahi ko sau ɗaya ban haɗa biyun a raina ba.

Ka tambaye ni sau biyu a shekarar farko. Na ce ina kan dubawa, aiki ne ya yi yawa. Ka ce babu gaggawa.

Sai ranar walimar ƙarin girmana a gidana na Unguwar Rimi. Kun zo kai da Inna tun azahar. Bayan an ci abinci, abokan aikina suna falo ana hira, kai ka fita baranda za ka yi alwalar la'asar. Wani daga cikinsu ya kawo labarin wani mutum da ya dame shi da waya a kan ya warware hawa biyar. Aka yi dariya. Ni kuma, don kada a bar ni a baya, na ce: “Ku naku daga waje yake zuwa. Ni nawa a gida yake. Littafi guda ya cika mini, yana nan a aljihun tebur, sai ranar da na rasa abin kunna gawayi.”

Falon ya ɗauki dariya. Ina cikin dariyar na ji ƙarar buta an ajiye ta a ƙasa. Tagar baranda a buɗe take, labule kawai ya raba mu.

Ka shigo da sallama, ruwa yana ɗiga daga gemunka. Ka gaisa da kowa hannu da hannu, har da wanda ya fara maganar. Ka yi salla a ɗakin baƙi, ka fito ka sa mini albarka doguwa a gabansu, ka ce Allah ya ƙara ɗaukaka. Na ce bari in kai ku gida a mota. Ka ce in zauna da baƙina, ga keke nan a bakin titi. Na tsaya a bakin get ina kallon bayanka, kana tafiya a hankali saboda gwiwa, Inna tana biye. Taku ashirin ne tsakanina da kai. Da na bi ka na durƙusa a titin nan, da yau ba na wannan rubutu. Sai na koma ciki, wai kada baƙi su ga na daɗe.

Bayan mako biyu ka kira ni a waya. Muka gaisa, ka tambayi yara. Can ka ce: “Ummi, littafin nan in ya tare miki wuri, ki ba wani ya kawo mini.” Ka buɗe mini ƙofa ke nan, na gane yanzu. Ni kuwa na ce: “Haba Kawu, ai ina kan dubawa.” Ka ce to, Allah ya yi albarka. Ba ka sake tayar da maganar ba har ka bar duniya.

Na ci gaba da zuwa gaishe ka, ina kawo lemo da kankana, muna hirar ciwon gwiwa da tsadar mai. Duk zuwan da zan yi sai na ce a raina yau zan ba ka haƙuri. In na zauna na ga fuskarka a sake kamar babu abin da ya faru, sai in ce wataƙila ma ba ka ji ba. Na san ka ji. Na zaɓi in yi kamar ban sani ba, kuma buɗe littafin ya zame mini abin tsoro, don in na buɗe dole in zo mu yi maganar.

Ciwon ya zo maka da safe, ya ɗauke maka magana da ɓarin jiki. Kwana shida ka yi a asibiti. Ina zaune gefen gadonka ina riƙe da hannunka, mutane suna shiga suna fita suna cewa ga 'yar da ta san darajar riƙo. Na karɓi yabon.

Makon jiya aka yi ruwa mai ƙarfi, rufin ofishinmu ya yi yoyo, ruwa ya gangara har cikin aljihun teburin. Na fito da takardu ina shanyawa a kan kujeru. Littafinka ya jiƙe daga gefe. Na buɗe shi don in raba shafukan kada su manne, ba don in karanta ba. Ko wannan ma ba zan yi maka ƙarya a kansa ba. Idona ne ya faɗa kan shafin farko, da rubutunka mai kwanciya dama.

Ka rubuta cewa a wani tsohon littafi da ka saya a kasuwa, an faɗa a ƙasan shafi cewa hawa biyar ba shi da ƙa'ida, kuma dalilin ya fi ƙarfin wannan littafin. Ka ce shekara talatin kana gaya wa ɗalibai babu, ba wanda ya taɓa tambayarka me ya sa, kuma da an tambaya da ba ka da amsa. Yanzu da ka sami lokaci kana so ka san dalilin kafin ka mutu.

Ashe ba ƙa'ida kake nema ba. Ka san babu ita tun kafin a haife ni.

Na ture takardun jarrabawa na zauna. Na ga yadda ka koma hawa uku ka warware shi da hannunka, ka lura amsoshinsa uku suna iya jeruwa hanya shida, amma akwai wani haɗi nasu da duk yadda aka juya su fuska biyu kawai yake nunawa, shi ya sa hawa uku yake saukowa ya zama hawa biyu. Ka je hawa huɗu, jeri ashirin da huɗu, ka sami haɗin da yake nuna fuska uku, ya sauko hawa uku. Sannan ka zo biyar. Ka rubuta jeri ɗari da ashirin ɗaya bayan ɗaya, shafi tara, babu wanda ka tsallake, babu wanda ka maimaita. Na bi su da biro na duba. A gefe ka rubuta cewa da marafan kwalba biyar kake yi a kan tabarma, Inna tana cewa ka koma wasan yara.

A shafin ƙarshe ka ce: “A uku na sami biyu. A huɗu na sami uku. A biyar ina neman huɗu ko uku, sai in ga ya haura zuwa shida. Ko dai ni ne na kasa, ko kuwa babu shi sam. In babu shi, ina jin nan dalilin yake. Ummi za ta gane wannan kafin shayi ya huce.”

Kawu, babu shi. Ba kai ka kasa ba. Hanyar da ka bi ita ce wadda manyan masanan suka bi kafin saurayin nan ya zo, kuma inda ka tsaya nan suka tsaya. Ga abin da ya rage maka, taku ɗaya ne. Jerin nan ba lissafa su kawai ake yi ba, ana duba yadda suke tsagewa gida-gida. Shida na hawa uku suna tsagewa su koma uku, uku su koma ɗaya. Ashirin da huɗu su koma sha biyu, su koma huɗu, su koma biyu, su koma ɗaya. Kowace tsaga ita ce cire tushe ɗaya, abin da ake kira root a sakandare, a cikin ƙa'idar. Ɗari da ashirin naka kuwa suna tsagewa sau ɗaya su koma sittin, daga nan sittin ɗin su dunƙule, ba sa sake tsagewa ta hanyar da ake buƙata. Shi ke nan dalilin. A kan wannan dunƙulen aka gina duk abin da na je waje na karanto, abin da na ce maka ba na 'yan sakandare ba ne.

Ka yi gaskiya, shayi ba zai huce ba. Da yamma ɗaya a tsakar gidanka, da marafan nan biyar, da na nuna maka. Na san yadda za ka yi, za ka buga cinya ka ce Allahu Akbar, ka kira Inna ta zo ta gani ko ba ta gane ba.

Washegari na kai littafin wurin abokin aikin nan da ya fara maganar a walima. Na miƙa masa na ce ya karanta. Ya daɗe yana juya shafuka, ya ɗago ya ce wannan ai darasinmu ne na zango na biyu, wane ɗalibi ne ya yi shi da hannu haka? Na ce masa: “Tsohon da muka yi wa dariya a falona ne, wanda ya ba ka hannu bayan ya ji.” Ya rufe littafin a hankali ya miƙo mini. Shi bai san ka ba, laifinsa kaɗan ne. Ni ce na sani.

Ranar Asabar na je Badarawa. Na sami Inna a tsakar gida tana yankan kuɓewa. Na zauna a ƙasa kusa da ita na faɗa mata komai, tun daga ajin da na ce ina da shi har maganar gawayi. Ba ta daina yankan ba sai da na gama. Na tambaye ta ko ka taɓa yi mata maganar, ko ka ce ka yafe mini.

Ta ajiye wuƙar ta ce: “Ranar walimar da muka dawo bai ci tuwo ba, ya ce ya ƙoshi a gidanki. Ni dai bai taɓa ce mini kin yi masa laifi ba, to me zan ce miki ya yafe? In na tambaye shi littafin, sai ya ce Ummi aiki ya yi mata yawa, kada a dame ta.”

Na so ta zage ni, Kawu. Ta tashi ta zubo mini abinci, ta tsaya a kaina sai da na ci.

Ban san yadda ake neman gafarar wanda ya rufa wa mutum asiri har ya koma ga Allah ba. Abin da na iya ke nan, na tona da kaina. Ka yafe mini, Kawuna. Ka yafe mini zaman benci, da ƙaryar “ina kan dubawa” da na yi maka sau uku, da dariyar nan.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Isiyaku. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa duk yaron da ya taɓa koya wa ko da harafi ɗaya ya zama nauyi a mizaninsa. Ka sanar da shi abin da ya so ya sani, kai ne Masanin komai. Ka ba Inna Asabe haƙuri da lafiya. Ni kuma ka yafe mini, ka cire mini abin da ya sa na raina hannun da ya ɗaga ni, ka haɗa ni da shi a inda zan iya durƙusawa in faɗa masa da bakina. Amin.

Wassalam.

'Yarka mai jin kunyarka,
Hauwa'u